Ƙanena zai shiga aikin kwance bam: me ya kashe magabatansa a Landan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena soja ne a ɓangaren injiniyoyi, an zaɓe shi kwas na kwance bama-bamai. Tun da na ji yadda masu wannan aiki suka riƙa mutuwa a Landan lokacin luguden wutar jiragen Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, barci ya ƙaurace mini. Shi kuwa dariya yake yi, wai bam ɗin da ya faɗo bai tashi ba ai ya mutu, ɗauke shi kawai ake yi. Me ya kashe waɗancan mutane, kuma gaskiya ya faɗa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Hajiya, hankalinki bai tashi a banza ba. Ina fata lallashinki ƙanen naki yake yi, don in har ya yarda da abin da ya faɗa, maganar ta fi aikin haɗari.

Luguden da kike nufi ya fara ranar 7 ga Satumba 1940, ya kai Mayun 1941. Kusan ɗaya cikin goma na bama-baman da aka jefo ba su tashi nan take ba. Injiniyoyin sojan Birtaniya aka ɗora wa aikin, kowace ƙaramar runduna da laftanar ɗaya, saje, da sojoji goma sha huɗu. Yawancin aikin haƙa ne da diga da shebur. Bam mai kilo 250 yakan nutse mita da yawa, kuma ba ya tafiya sak, yakan karkace a ƙarƙashin ƙasa ya kwanta nesa da ramin da ya shiga. Sai a yi kwanaki ana tona, ana tokare gefen ramin da katako, ana kwalfe ruwa. Da an ga jikin bam, kowa ya ja baya, hafsan kaɗai ke sauka.

Abin da yake nema shi ne fiyus, wato na'urar da ke tayar da bam. Jamusawa a gefen bam suke sa shi, da lamba a kansa. Mai lamba 15 da sauƙi: a zuƙe cajin lantarkin da ke cikinsa, a zare. Da Jamus ta gane ana kwance mata bama-bamai, sai ta kawo mai lamba 17, mai agogo, wanda zai iya jira har kwana uku. Ta kawo mai lamba 50, wanda ɗan girgiza kaɗan ke tayar da shi. Sau da yawa su biyun a bam ɗaya suke: ka yi jinkiri agogo ya cika, ka yi sauri ka girgiza ɗayan. Ƙarƙashin mai agogon kuma akan ɓoye tarkon ZUS 40, wanda ke tashi da zarar an zaro fiyus ɗin. A 1943 aka kawo fiyus Y, mai batir da zaiba, wanda aka ƙera don kashe hafsan kawai. Maganinsa shi ne daskarar da shi da sanyi mai tsanani har batirin ya daina aiki.

Kayan aikin duk bayan asarar rayuka aka ƙirƙiro su: na'urar sauraron bugun agogo, babban maganaɗisu mai tsayar da agogon, da injin da ke huda jikin bam a narkar da nakiyar da tururi. An kuma kasa bama-baman kashi-kashi. Wanda ya faɗa fili akan bar shi kwana huɗu agogonsa ya ƙare. Wanda ya faɗa masana'antar makamai ko layin dogo kuwa, umarni shi ne a taɓa shi yanzu ko da za a rasa rai, kuma irin wannan gaggawa ta ci mutane da yawa. Bam ɗin da ya faɗa kusa da majami'ar St Paul ranar 12 ga Satumba 1940, kwana uku aka yi ana tono shi, sannan Laftanar Robert Davies ya ja shi a mota zuwa fadamar Hackney aka fasa.

Yanzu ga maganar "ya mutu", wadda masu wannan aiki suka gaji da ji. Bam yakan ƙi tashi ne saboda ɗaya cikin uku: an saita masa lokaci bai cika ba, ko yana jiran a taɓa shi, ko na'urarsa ta maƙale a rabin hanya. Na ukun shi mutane ke kira matacce, alhali kamar bindiga ce da aka ɗana, aka ja kunama ta cije. Agogon da ya tsaya saboda ƙarfin faɗuwa, bugun diga ɗaya na iya tayar da shi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Wai ai ya tsufa, ya yi tsatsa. Tsatsa ƙarfe take ci, nakiyar da ke ciki tana nan da ƙarfinta bayan shekara tamanin. Abin da tsufa ke lalatawa shi ne sassan da ke riƙe da allurar fiyus kada ta buga. Wasu bama-baman da Amurka da Birtaniya suka jefa a Jamus suna da fiyus mai kwalbar sinadari da ke cinye wani faifai a hankali. In bam ya kwanta a karkace, sinadarin bai gama aikinsa ba, faifan na nan yana rauni shekara da shekaru. A Gottingen ta Jamus, a Yunin 2010, irin wannan tsohon bam ya kashe ƙwararru uku suna cikin shirin kwance shi. A Frankfurt, a Satumban 2017, an kwashe mutum kusan 60,000 saboda bam guda ɗaya na Birtaniya. Hukumar da ta rufe unguwanni da asibitoci haka ba ta ɗauki bam ɗin matacce ba.

Wannan ruɗin yana kashe mutane a Borno, Yobe da Adamawa. Manomi ya koma gonarsa ya tarar da harsashin igwa ko roka, ya ɗauka ya jingine a gindin bishiya. Yaro ya kai wa ɗan gwangwan, a jefa kan sikeli, wani ma ya sa guduma don ya cire tagulla. Wani ya ce a jefa rijiya, ruwa zai kashe shi. Ruwa ba ya kashe shi. Wani ya ce a tara kara a ƙone, to zafi shi ne ke tayar da shi. Sai kuma masu sayar da laya da maganin ƙarfe, waɗanda ba za ki taɓa ganin ɗayansu ya durƙusa kusa da abin da kansa ba. Don Allah kada ki ba su ko sisi da sunan ƙanenki.

Duk wanda ya ga irin wannan abu, kada ya taɓa, kada ya jefe shi. Ya koma ta sawun da ya zo, ya sa alama daga nesa, ya hana yara da dabbobi zuwa, ya yi nisan mita ɗari uku ko fiye kafin ya kira waya, sannan ya sanar da mai unguwa da sojoji ko sashen kwance bam na 'yan sanda.

Game da ƙanenki, aikin yau ya fi na 1940 tsari nesa ba kusa ba. Akwai butum-butumi mai kyamara, kuma mafi yawan abin da aka samu a inda yake ake fasa shi daga nesa bayan an kewaye da buhunan yashi. Rigar sulken da kike gani tana tare ɓaraguzan ƙaramin bam, babba kam ba ta iya masa. Ki ce masa ya maimaita wa malaminsa waccan magana a ranar farko ta kwas, ya ji amsar da za a ba shi. Allah ya tsare shi.