Kafin ka canza takardar hoto, nuna mini littafinka

Wani matashi mai shagon hoto a wajejen Ƙofar Ƙaura a Katsina ya aiko mini da tambaya. Ya gaji na'urar faɗaɗa hoto da tasoshin wanki daga mahaifinsa, ya gyara ɗakin duhu, ya fara ɗaukar dattawa da masu sarauta hoton baƙi da fari da fim, yana wankewa da hannu. Ya ce kwalin takardar wanke hoto ta kamfanin Ilford, Multigrade RC (mai rufin roba), mai guda 100, girman inci 8 da 10, ya sauka masa a kan naira 250,000 har da kuɗin kawowa. Yana sayar da hoto ɗaya naira 6,000. Kwalin ya ƙare, kuɗin sayen wani bai taru ba. Da ya zo kan adadin hotunan da ya sayar sai ya rubuta "kamar talatin ko arba'in". Yanzu yana so in gaya masa ko ya koma takardar FB (takarda zalla marar rufin roba) mai launin ɗumi, wato wadda baƙinta ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, domin ya ga a Instagram Turawa na sayar da irin wannan hoto da ɗaruruwan dala.

Ƙanena, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma sau biyun a wuri ɗaya na tsaya: kamar talatin ko arba'in. Ka zuba kwata na miliyan a kwali ɗaya, ba ka san guda nawa suka koma kuɗi ba. Tsakanin talatin da arba'in akwai hoto goma, wato naira 60,000, kai kuma ka wuce su da kalmar "ko".

Mu raba gardama mu ce 35 ka sayar. Cinikinka 210,000 ke nan, bai kai kuɗin takardar ba. A ranka kowace takarda naira 2,500 ce, shi ya sa 6,000 ta yi maka kama da riba mai kauri. Amma in ka raba 250,000 gida 35, kowane hoton da ya fita daga shagonka ya ci takardar sama da naira 7,000. Ba mu taɓa kuɗin fim ba, ba mu taɓa magungunan wanki ba, da man janareta, da ruwan da 'yan garuwa ke kawo maka, da haya. Duk alhajin da ya karɓi hotonsa ya sa maka albarka, kai ne ka cika masa daga aljihunka. Ina sauran takardu 65 suka tafi? Wasu gwaji, wasu sun ƙone, wasu ka ba abokai, wataƙila ɗaya tana rataye a ɗakin kakarka. Ba ka sani ba, kuma wannan rashin sanin ne ciwon shagonka.

Na san wani mai hoto a Daura a shekarun da ake tsakiyar wanke fasfo na baƙi da fari. Hannunsa yana da kyau, a lokacin Sallar Gani layi ake yi a ƙofarsa. Kullum kukansa shi ne takardar yanzu ba ta da albarka, kwali ba ya jimawa. Ya canza kamfani sau uku. Ranar da na matsa masa ya ƙirga takardun da safe ya sake ƙirgawa da dare, a mako guda ya gano yaron shagonsa, ɗan yayarsa, yana wanke wa samarin unguwa hotuna bayan an tashi, kuɗin kuma yana wucewa aljihu. Shekara biyu ana haka. Yaron bai ma ɗauke shi sata ba, tunda ba wanda ya taɓa ƙirgawa. Ban ce naka yaron haka yake ba. Na ce ko da haka yake ba ka da hanyar ganewa.

Yanzu batun takardar, tunda ita ka tambaya. Amsata ita ce ka zauna a kan RC, kuma dalilin ruwa ne da zafi. Ita RC roba ce ta lulluɓe ta gaba da baya, magani ba ya shiga jikinta, ɗaurayar minti biyu ta ishe ta, ta bushe a miƙe cikin ɗan lokaci. FB kuwa takarda ce zalla, tana shan maganin tsayar da hoto kamar tsumma, sai an ɗauraye ta rabin awa zuwa awa guda a ruwa mai gudana, in ba a yi amfani da maganin rage ɗauraya ba. In ka yi mata ƙwauron ruwa, bayan 'yan shekaru fuskar hakimin ta yi tabo rawaya, ɗansa ya dawo maka da firem ɗin. A garin da famfo ke zuwa in ya ga dama, ka lissafa jarka nawa ke nan kowace rana. Ga shi in ta bushe a hunturu tana nannaɗewa kamar busasshen ganye, sai an danne ta. Ta kuma fi tsada, mai launin ɗumin ta fi tsada ƙwarai, tana kuma buƙatar haske mai tsawo a ƙarƙashin na'ura. Mutumin da yake ɓata takarda biyu kafin ya sami ɗaya, in ya koma wadda ta fi tsada, asararsa ce kawai za ta ƙaru. Kyanta ba ƙarya ba ne, baƙinta yana da zurfin da mai ido zai gani. Amma in launin ɗumin kake so saboda yana yi wa fata kyau, Ilford suna da shi a RC ma. Sayi fakitin guda 25 ka gwada, kada ka sayi kwali.

A fuskar takarda ka ɗauki wadda suke kira Pearl, mai ƙyalli tsaka-tsaki. Mai sheƙi sosai tana fito da baƙi, amma mutanenmu hoto a hannu suke kallonsa, ya zagaya zaure daga wannan zuwa wancan, kowane yatsa ya bar shaida. Marar ƙyalli kuma baƙinta yana dusashewa, fuskar baƙin mutum ta zama toka.

Ina kuma zargin na san inda yawancin takardunka suke mutuwa. Dattijon Katsina yana zuwa da farar babbar riga da farin rawani, fuskarsa baƙa a tsakiya. In ka ba da hasken da zai fito da aikin wuyan rigar, fuska ta nutse. In ka ceci fuska, rawani ya zama farin fili ba ninki ko ɗaya. Sai ka yi ta gwadawa da cikakkiyar takarda. Amfanin Multigrade ke nan: matatun launin da ake sa wa na'ura don rage ko ƙara tazarar baƙi da fari daga 00 zuwa 5 suke, ka sauko ƙasa da lamba 2, ka daidaita hasken a kan fuska, sannan ka ƙara wa rawani da riga 'yan daƙiƙu kana kare fuskar da hannu ko ɗan kwali. Gwajin kuma da tsinke ake yi. Yanka takarda ɗaya gida takwas, ka ɗora tsinken ya ratsa kunci da gefen rawani. Ka jira ya bushe kafin ka yanke hukunci, domin hoto yana ɗan ƙara duhu in ya bushe. Lambar matatar launin da daƙiƙun da suka yi daidai, rubuta su a bayan hoton da fensir. Ranar da iyalan suka dawo neman kwafi biyar, a nan ribarka take, domin babu sauran gwaji.

Zafi ma yana cin takarda a ɓoye. An tsara magungunan nan a kan zafin digiri 20 a ma'aunin Celsius, a Katsina kuwa watan Afrilu yana kai 40. Kwalin da ya kwana a shago mai rufin kwano wata uku, farinsa zai fara komawa toka tun ba a buɗe shi ba. Ka wanke tsinke ɗaya da bai ga haske ba, in ya fito da dishi-dishi to ta fara lalacewa. Wannan gwajin za ka yi wa duk wanda ya kawo maka "tsohon kaya mai araha". Kodak sun daina yin takardar baƙi da fari tun 2005, don haka duk kwalinsu da ka gani a kasuwa ya tsufa ƙwarai. In araha kake nema ta gaskiya, akwai Kentmere, wadda kamfanin da ke yin Ilford ne ke yin ta, akwai kuma Foma ta ƙasar Cek.

Batun ɗaruruwan dala kuwa, bar shi inda ka gan shi. Wanda ke sayarwa a haka sunansa ake saye, kuma bai nuna maka kwandon shararsa ba. Kasuwarka tana nan kusa: gidajen sarauta bayan naɗi, mahayan Hawan Sallah da Hawan Bariki, 'ya'yan da ke son hoton tsohonsu da zai daɗe a bango. Waɗannan za su iya biyan fiye da 6,000, amma ba za ka iya faɗa musu farashi da ƙarfin zuciya ba sai ka san abin da hoton ya ci.

Sayi littafi mai ganye arba'in. Kowace takarda da ta fita daga baƙar leda ta sami layi ɗaya: rana, hoton wa, gwaji ce ko ta lalace ko an sayar ko kyauta, da nawa aka biya. Ka ƙirga abin da ya rage a kwali duk Juma'a, da hannunka, a ƙarƙashin jar fitila. In kwali na gaba ya ba ka hotuna 70 da aka biya daga cikin 100, aiko mini da hoton shafukan littafin, sai mu zauna mu yi maganar FB.