Kwana a bakin teku da ɗan shekara biyu: me za mu saya?

Tambaya: Anti, ina wuni. A hutun Disamba za mu je Legas wajen yayana, maigida kuma ya dage sai mun kafa tanti mun kwana ɗaya a Tarkwa Bay. Ɗana shekararsa biyu, ga ƙiriniya. Tanti mai tsada zan saya ko na haya? Me kuma zan riƙe? Wata uwa daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa, lafiya lau. Lokacin da kuka zaɓa ya yi, don daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama yana sauƙi a Legas. Amma tanti shi ne na ƙarshe a lissafina. Ku yi haya ko ku ara, kwana ɗaya bai kai a zuba kuɗi ba. Ki dai duba yana da raga a tagogi, kuma zif ɗin ƙofa yana rufuwa har sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Kuɗinki ya fara tafiya kan rigar hana nutsewa. Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa ake shiga, kuma rigunan da masu jirgi ke rabawa galibi na manya ne. Yaro zai iya zamewa ta ƙasa. Ki nemi wadda aka rubuta nauyinsa a jiki, mai igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ki sa masa tun a gida, ki ɗaga shi ta kafaɗun rigar: in ta haye har kunnuwansa, ta yi masa yawa. Balan-balan ɗin hannu kayan wasa ne kawai.

Ga abin da ya fi damuna. Mu da muka tashi da gulbin Rima, ruwan da muka sani hanya ɗaya yake bi, kuma da rani har yara ke tsallake wasu wurare. Teku ba haka take ba. Igiya tana zuwa ta koma da yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kuma ruwan yana cikowa ya janye kusan sau biyu a kwana ɗaya, don haka busasshen wurin da kuka gani da la'asar yana iya zama cikin ruwa da tsakar dare. Ku kafa tanti can sama da layin da ruwa ya zubar da tarkace, ku kuma tambayi mazauna wurin. Gaskiya ne Tarkwa Bay ta fi sauran gaɓar Legas kwanciya saboda duwatsun da aka jera a mashigar tashar jiragen ruwa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 cikin waɗanda nutsewa ta fi ɗauka, kuma yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Ke da maigida ku raba aiki da baki: “Yanzu yana hannunka.” Mai tsaron ya ajiye waya, ya kasance inda zai miƙa hannu ya cafko shi. In kun tashi salla, ku yi ɗaya bayan ɗaya.

Sauran kaya ba su da yawa: gidan sauro mai magani, hula mai faɗi, takalmi saboda zafin yashi da fasassun kwalabe, ruwan sha na gora, da ORS, garin gishiri da sukari na masu gudawa, wanda ake kaɗawa daidai yadda aka rubuta a jikin takardarsa. Kada a shigar da gawayi ko risho cikin tanti ko da an ji sanyin asuba. Iskar da ke fita daga gare su ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Da ni ce, zan fara zuwa wuni guda mu dawo kafin magariba. In yaron ya saba, ku kwana a zuwa na biyu.

Tambaya: Mu ba mu da halin Legas. Madatsar Goronyo fa? Wani uba daga Gawon Nama.

Amsa: Malam, ban ba ka shawarar kwana ba. Gabashin jihar nan ya sha fama da 'yan bindiga, kuma ruwan madatsa yana iya ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini. In 'yan'uwa da ke can sun tabbatar maka hanya lafiya, ku je da hantsi, yaro ya kalli ruwa daga kafaɗarka, ku juyo kafin la'asar.