Fadamar Augie da Tarihin Ruwanta: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, dukkansu daga manoman shinkafa na yankin Augie a jihar Kebbi, kuma dukkansu a kan ruwa suke.

Tambaya: Malam, na gaji gonar mahaifina a fadama, shekarata ta uku ke nan ina nomanta. Dattawa na cewa in yi hankali, ban ga ruwa ba tukuna. Gaskiya ne, ko tsoratarwa ce?

Amsa: Ƙanena, gaskiya suka faɗa maka. Augie na zaune ne a kan hanyar ruwan gulabe biyu. Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su gangaro ta wajenku, su wuce Argungu da Birnin Kebbi da Bunza kafin su faɗa kogin Kwara. A saman Gulbin Sakkwato akwai madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978. A saman Rima akwai ta Goronyo. Saboda haka ruwan da ke cinye gonarka sau da yawa ba a kanka ya sauka ba. Sai sama ta yi garau a Augie, amma an kwana ana tafka ruwa a Zamfara, madatsa ta cika, dole a buɗe ƙofofi.

Kakanninku sun fi sanin fari fiye da ambaliya. Sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914, sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, lokacin da gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa. A waɗannan shekarun ne mutane suka sauko, suka yi gonaki har da gidaje a wuraren da iyayensu ba su taɓa yarda su kwana ba. Da ruwan sama ya dawo da ƙarfinsa, sai gulbi ya nemi tsohuwar hanyarsa. A Satumbar 2010 ruwan Goronyo ya malale ƙauyukan Sakkwato da Kebbi. A 2012 ambaliya ta game ƙasa, ta raba fiye da mutum miliyan 2 da muhallinsu. Sai 2020, wadda manomin Kebbi ba zai manta ba: an ƙiyasta kusan hekta 450,000 na shinkafa suka tafi a jihar nan, mafi yawa ana gab da girbi. A 2022 ma ba a tsira ba.

Bayan ruwan 2020 na je wani ƙauye a fadamarku. Wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni gindin wata giginya, ya nuna mini sara uku da ya yi mata da adda. Na ƙasa daidai gwiwa, na tsakiya daidai ƙugu, na sama sai da na ɗaga hannu kafin in taɓa. Kowane sara da shekararsa, kuma ya san gonar wa da wa ruwan ya tsaya a kanta. Wannan giginyar ta koya mini abin da taswirar ofis ba ta koya mini ba. Ka nemi irin wannan dattijon, ka zagaya gonarka da shi, ka kafa turaku a iyakar da ruwa ya kai a manyan shekarun nan. Daga nan ka raba gonar kashi uku. Inda ruwa ke ci kowace shekara, bar shi sai rani. Inda yake ci jefi-jefi, sa iri mai jure nutsewa, kada ka zuba masa taki mai yawa. Jarinka na gaske ya tafi gefen tudu.

Tambaya: An ce akwai irin shinkafar da ruwa ba ya kashewa. Ina ake samunsa?

Amsa: Alhaji, babu shinkafar da ruwa ba ya kashewa, kada mai sayar da iri ya yaudare ka. Abin da ake nufi shi ne FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017. Suna iya zama a ƙarƙashin ruwa har kusan mako biyu su farfaɗo, amma da sharaɗi: sai in ruwan ya same su suna ganye. Idan sun yi ciki ko sun fara fitar da kai, to sai dai haƙuri. Ruwa mai laka kuma ya fi ruwa mai haske saurin kashe su, domin yana hana hasken rana isa ga ganye.

FARO 44 da kuka saba da ita tana nuna cikin wata huɗu ko ƙasa da haka, kuma amfaninta a nan shi ne saurin. Wanda ya yi reno da wuri ya dasa a farkon damina yana da damar yanke shinkafarsa kafin ruwan Satumba ya iso. Wanda ya jira sai ƙarshen Yuli, ya ba gulbi amanar gonarsa. Ni dai ina jin takaicin yadda muka yi watsi da jar shinkafarmu ta gargajiya, mai miƙewa tana bin ruwa yayin da yake tashi. Ba ta cika buhu kamar ta zamani, amma a ƙasan fadama ita kaɗai ke kawo abinci gida a shekarar da ruwa ya yi yawa. In akwai wanda ya rage da irinta a garinku, ka saya ko da kwano biyu ne.

Iri kuwa ka saya wajen dillali mai rajista, buhu a ɗinke da takardar shaida a jikinsa. Kafin ka zuba, ƙirga ƙwaya 100 ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara. Bayan kwana bakwai in waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, mayar masa da kayansa.

Tambaya: Ruwa ya kwana biyar a kan shinkafata ya janye. Ganye duk laka. In zuba yuriya yanzu?

Amsa: A'a, Baba, dakata. Fara da buɗe magudanai ruwan da ya kwanta ya fita. Tuge gindi biyar daga wurare daban-daban ka duba: in saiwa fara ce kuma zuciyar karan da tauri, tana da rai, in ta yi baƙi tana wari, wannan wajen ya tafi. Ka ba ta kwana biyar zuwa bakwai har ka ga sabon ganye ya leƙo, sannan ka sa yuriya kaɗan. Takin da aka zuba kan shukar da ba ta dawo hayyacinta ba, ciyawa ce ke cin sa.

Wajen da ya mutu kada ka ɓata kuɗi kana sake dashe a ƙarshen damina. Lakar da ruwa ya bari taki ce, ka ajiye ƙarfinka ga noman rani. Tun yanzu ka sauke injin ban ruwa ka wanke shi, ka canza masa baƙin mai in ruwa ya taɓa shi, ka duba ko rairayi ya toshe rijiyar gonar. Shanu da tumaki kuma kada a sake su cikin fadamar da ruwa ya janye sai an ba su maganin ciwon hanta, domin lokacin ne cutar ta fi kama su.