Amfani da ChatGPT wajen nazarin bayanan RNA-seq

Malama, kin tambaya ko za ki iya dogara da ChatGPT wajen nazarin bayanan RNA-seq, wato hanyar auna yawan aikin kowace ƙwayar gado (gene) a cikin samfuri, na aikin digirinki na biyu. A ganina, ki sa shi ya rubuta miki umarnin kwamfuta cikin harshen R, amma kada ki bar masa lissafin, domin yakan ƙago alƙaluma ko sunan manhajar da babu ita, kuma ya faɗa ba tare da ko ɗar ba.

Ki yi masa bayanin gwajinki dalla-dalla: yawan samfurori a kowane rukuni, wane rukuni ne ma'auni, da ko an sarrafa su a ranaku daban-daban, domin idan ba ki faɗa ba, bambancin ranakun ba zai shiga lissafi ba. DESeq2, manhajar R da ake kwatanta rukunan da ita, ɗanyar ƙidaya take buƙata, ba alƙaluman TPM da aka riga aka daidaita ba, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Ki tabbatar kuma da padj ya tace sakamakon, ba da pvalue ba: pvalue ma'auni ne da ke taimakawa a gane ko bambancin da aka gani na iya zama na dace kawai, padj kuwa pvalue ne da aka gyara saboda yawan ƙwayoyin gadon da aka gwada lokaci guda.

Bayanan marasa lafiya kuwa, kada ki ɗora masa su. Kanun teburin da layi biyu na misali sun wadatar.