Tambaya da Amsa: Maigidana Ya Kasa Tashi, Ni Kuma Jinya Ta Fara Fin Ƙarfina

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa. Maigidana manomi ne, shekarunsa sun ɗan haura 40. Abin ya faro masa da jan ƙafar hagu idan ya yi doguwar tafiya, daga baya ya koma dogara sanda, yanzu kuma sai an kama shi yake miƙewa, fitsari ma yakan kufce masa. A Kano aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa da na laka, aka ce ciwon maltiful sikilerosis ne, irin wanda yake ci gaba ba ya tsayawa. Danginsa sun ce jifa ne, har an sayar da awakinmu wajen neman magani, yanzu kuma ana maganar jinginar da gona. Shin yana warkewa? Zai iya kama ni ko yaranmu? Me ya sa jikinsa yake ƙara mutuwa da bazara? Ni kaɗai nake jinyarsa, na gaji, amma ina jin nauyin faɗa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigidanki sauƙi, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Jijiyoyin da suke ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka zuwa gaɓoɓi suna da wata riga da ta lulluɓe su, kamar robar da take jikin wayar lantarki. A wannan ciwo, garkuwar jikin mutum ce da kanta take cinye rigar, sai saƙo ya riƙa jinkiri ko ya katse a hanya, ƙafa ta ƙi ɗaguwa ko mafitsara ta ƙi riƙewa. Wani likitan Faransa mai suna Charcot ya yi bayaninsa tun shekarar 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutane kusan miliyan 2.8 ne suke fama da shi a duniya. Ba a cika ganinsa a ƙasarmu ba, shi ya sa ba na mamakin yadda dangi suka ɗauke shi jifa. Yawancin masu ciwon yakan taso musu ya lafa, amma kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari nasu yana tafiya ne sannu a hankali tun daga farko ba ya komawa baya, kuma bayaninki ya yi kama da wannan.

Ba a ɗaukarsa ta kwanciya, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko wanke masa kaya, kuma mafi yawan 'ya'yan masu ciwon ba sa samunsa.

Game da warkewa, gara in faɗa miki gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Har yau babu maganin da yake kawar da shi, a asibiti ko a wajen asibiti. Akwai wata allurar ƙarin ruwa mai suna okrelizumab da aka amince da ita a Amurka a 2017, wadda take rage saurin ci gabansa ga wasu marasa lafiya, amma ba ta dawo da abin da ya riga ya lalace, tana da tsada ƙwarai, kuma likitan jijiyoyi ne kaɗai zai ce ko ta dace da shi. Saboda haka duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai miƙar da shi cikin mako guda, kada a jinginar da gona dominsa. Addu'a da sadaka ba su hana zuwa asibiti, gonar kuwa ita ce za ta ciyar da majinyacin da yaransa a shekarun da suke tafe. Ki roƙi dangi su daina tsaga da ƙaho da gashi da ruwan zafi, domin fatar da ba ta ji sosai tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Abin da kika lura da shi da bazara daidai ne. Jijiyar da rigarta ta lalace tana ƙara kasa aiki idan jiki ya ɗumama, sai rauni ya ƙaru, gani ya dushe, amma idan jiki ya huce yakan koma yadda yake. Daga Maris zuwa Mayu a fitar da shi daga ɗakin kwano da rana zuwa rumfa ko inuwar bishiya, a riƙa shafa masa jiƙaƙƙen zane a wuya da ƙirji, a ba shi ruwan randa. Da hunturu kuma kada a ajiye kaskon wuta kusa da ƙafafunsa.

Inda nake so ki fi sa ido shi ne abubuwan da suke biyo bayan kwanciya, domin sau da yawa su ne suke kayar da majinyaci, kuma su ne waɗanda ake iya karewa a gida. Na farko gyambon kwanciya. Idan ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa da ƙarƙashin ƙaurinsa don diddige ya bar katifa, a kuma canja shimfiɗa da zarar ta jiƙe. Kullum lokacin wanka ki duba ƙugu da diddige da ƙasan gadon baya. A baƙar fata wurin ba ya yin ja yadda ake gani a farar fata, sai dai ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri, kuma da kin ga haka a ɗauke nauyi daga wurin, kada a murza shi. Sai maganar fitsari. Masu jinya da yawa sukan rage wa majinyaci ruwa don kada ya jiƙa shimfiɗa, wannan kuwa yana jawo ciwon mafitsara da taurin bayan gida. Idan jikinsa ya yi rauni farat ɗaya, ko ya yi zazzaɓi, ko fitsarin ya yi wari da kauri, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, a gwada fitsari da maleriya. Miyar kuka da zogale da wake suna taimaka wa ciki, kuma a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci don kada ya ƙware.

Ƙagewar ƙafafu tana da magani, irin su bakulofen, wanda likita yake rubutawa kuma ba a daina shi kwatsam. Ki nemi ma'aikatan gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Rasheed Shekoni da yake Dutse, su koya miki yadda ake miƙar masa da gaɓoɓi da safe da yadda ake ɗaga shi ba tare da kin ɓata bayanki ba. Kafinta na iya yi masa kujera mai rami da za a sa bokiti a ƙarƙashinta, tunda tsuguno a masai ya gagara. Salla kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba da damar yin ta a zaune ko a kishingiɗe, kuma limaminku zai yi masa bayanin alwala da azumi.

Kada a mayar da shi kayan ɗaki. Baƙin ciki mai tsanani yana yawan kama masu wannan ciwo, musamman namijin da ya saba ciyar da gidansa da guminsa. A ci gaba da neman shawararsa kan abin da za a shuka da lokacin sayar da hatsi, a riƙa fitar da shi ƙofar gida da yamma ya gaisa da jama'a. Idan ya daina cin abinci ko yana fatan mutuwa, ki gaya wa likitansa, domin wannan ma ana maganinsa.

Maganar gajiyarki ta fi taɓa ni. Juya babban mutum dare da rana, ga girki, ga ɗiban ruwa, ga yara, ba aikin mace ɗaya ba ne, kuma faɗin haka ba rashin haƙuri ba ne. Ki sami babban wansa ko limami ya tara dangi a raba aikin a fili, a san wanda zai zo ɗaga shi da safe, da wanda zai kwana da shi wasu darare ki samu barci, da wanda zai riƙe gona da damina. Ranar komawa asibiti ki nemi ɗaya daga cikin masu cewa jifa ne ya raka ku, ya ga hoton da idonsa, ya kuma yi wa likita tambayoyinsa da bakinsa.