Tambaya da Amsa: Yaya Ake Gane Shekarun Abin da Aka Tono?

Tambaya: Malam, na ga masu binciken kayan tarihi a talabijin suna tono da ɗan cokalin magina da buroshi. Me ya hana su sa diga su gama? Kuma da me suke gane shekarun ƙashi, alhali mutanen wancan zamani ba su bar rubutu ba? — Wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, tambayoyin nan biyu a ɗaure suke da juna. Ƙasa hawa-hawa take taruwa, na ƙasa ya girmi na sama, sai fa in ruwa ko gara ko wani mai haƙa rami ya hargitsa ta. Don haka inda ƙashi yake kwance shi ne shaida ta farko. Akan ja igiya a raba filin gida-gida, galibi mita ɗaya-ɗaya, a kankare kaɗan-kaɗan, a tankaɗe ƙasar da rariya, a rubuta zurfin kowane gutsure kafin a ɗaga shi. Diga kuwa sara biyu ya ishe ta cakuɗa zamani uku wuri guda, kuma babu mai iya mayar da su.

Lissafin shekaru aikin ɗakin gwaji ne. Duk mai rai yana ɗaukar sinadarin kabon-14. Da ya mutu sai abin ya fara raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Willard Libby na Amurka ne ya fito da dabarar a 1949. Tana aiki a kan gawayi da ƙashi da ƙwayar hatsi, amma ƙarfinta ya ƙare a wajen shekara 50,000. Ni dai na fi yarda da ƙwaya a kan gawayi: itacen da aka ƙona yana iya girme wa wanda ya hura wutar da ɗaruruwan shekaru.

Abin da ya haura shekara 50,000, sai a koma ga ƙasar da ta lulluɓe shi. A 1959 Mary Leakey ta sami ƙoƙon kan wani dangin mutanen farko a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya. Ba ƙashin aka auna ba. Duwatsun aman wuta na hawan da yake ciki aka gwada da sinadaran fotasiyam da argon, suka nuna kimanin shekara miliyan 1.75.