Gidan haya a Agege: a sa baho ko shawa?

Alhaji, ka ce kana gyara banɗakunan gidan hayarka na Agege, kana son kayan da za su daɗe. Shawarata, ka bar maganar bahon kwanciya. 'Yan haya da bokiti suke wanka, bahon sai ya koma wurin jiƙa kaya, na roba kuma yana karcewa ya tsage, ruwa ya bi ƙarƙashi ya ci dabe. Ka sa tayil mara santsi, a karkata shi zuwa magudana, shi ke nan.

Wajen famfo ne zan ce kada ka yi rowa. Danshin Legas ba ya raga wa ƙarfe, ruwan burtsatse a unguwanni da yawa kuma yana barin jan tabo. Nemi famfon tagulla ko na sitenlas, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 304. Idan ka je kasuwar Coker da ke Orile, ɗauki famfon a hannu: na tagulla yana da nauyi, in ka leƙa cikin zarensa, wato inda ake murɗa shi a jikin bututu, za ka ga ruwan ɗorawa. Mai sheƙi mara nauyi, wanda ake yi da zinki, kan zaren yake karyewa. Ka tafi da mai gyaran famfonka, su suka san na jabu.

Babban kan shawa mai faɗi yana son ruwa mai ƙarfi, tankin sama ba zai ba shi ba, sai ɗiga. Ƙarami mai kwancewa ya fi.

Duk banɗakunan ka sa musu iri ɗaya, kowanne da makullin ruwansa, don gyaran ɗaki ɗaya kada ya hana sauran ruwa.